Dogo na nan a shimfiɗe cikin tsaunuka, me ya hana a ƙaro jiragen fasinja?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya cewa yana ganin hotunan jiragen ƙasan nan da ke ratsa tsaunuka, waɗanda sau ɗaya ko sau biyu kawai suke wucewa a rana kuma mutane na rububin tikitinsu, to tunda dogon yana nan kuma masu son hawa sun yi yawa, me zai hana a ƙaro jirage su ringa kai da kawowa? In kuma za a ƙara, ta ina ake farawa?

Toh Malam, tambayar nan taka ita ce na fi sha a bakin mutane tun da na shiga aikin tsara jadawalin jiragen ƙasa, har manyan da ke sa hannu a takardar kuɗi ma da ita suke farawa. Ana iya ƙarawa, kuma sau da yawa ya ma kamata a ƙara, ni kam ina cikin masu son a ƙara ɗin. Amma sayen kan jirgi da taragu shi ne mafi sauƙi a duk lamarin. Abin da ke ƙaranci a layin tsauni shi ne gurbi, wato 'yan mintunan nan da dogo zai zama ba kowa a kansa domin jirginka ya wuce, kuma duk wanda ke amfani da layin gurbin nan yake so.

Kaga yawancin layukan da ke cikin duwatsu dogo ɗaya ne tilo, saboda lokacin da aka gina su fasa dutse don a shimfiɗa guda ɗaya ma sai da aka sha wuya, balle biyu. Jirgin da ke hawa da wanda ke saukowa dole su haɗu a inda aka yi wa dogon ɗan reshe, ɗaya ya ratse ya tsaya, ɗayan ya wuce. Bari mu yi ɗan lissafi. A ce tsakanin wurin ratse ɗaya da na gaba kilomita 20 ne, jirgi kuma yana tafiyar kilomita 40 a awa saboda hawa da kwana, kenan minti 30 zai ɗauka kafin ya fita daga wannan yankin, kuma duk tsawon wannan lokaci babu jirgin da zai shigo daga ɗaya ɓangaren. Mai hawa minti 30, mai sauka minti 30, awa ta cika. Wato ko da ka sayi jirage ɗari, wannan yankin jirgi ɗaya zuwa ɗaya dawowa zai ba ka a awa, shi ma in babu wanda ya yi latti ko na minti biyar. Kuma yankin da ya fi tsawo a duk layin shi ke yanke wa sauran hukunci, ko da sauran duk an yi musu dogo biyu-biyu. Shi ya sa in aka kawo min maganar ƙara jirage abu na farko da nake nema shi ne takardar da ke nuna nisan wuraren ratse da tsawon kowannensu, kafin ma in kalli hoton jirgin da ake son saye.

Tsawon wurin ratsen ma magana ce babba, musamman inda ake haɗa jirgin kaya da na fasinja a dogo ɗaya. A Amurka tun 1973 doka ta ce jirgin fasinja na Amtrak shi ke da fifiko a kan na kaya, amma kamfanonin kaya sun koma haɗa jirage dogaye, wani ya kai kilomita 3 har ya wuce, alhali wuraren ratse da yawa an gina su ne tun zamanin da jirage ba su kai haka ba. In suka haɗu wa zai ratse? Wanda wurin zai ɗauke shi mana, wato ɗan gajeren jirgin fasinja, doka na gefe tana kallo. Sannan jirgin kaya mai nauyi in ya kama hawa tafiyarsa kamar ta hawainiya ce, na fasinja da ke bayansa ba shi da ta inda zai wuce shi. Don haka jirgin fasinja ɗaya tak da ka ƙara yana iya cinye gurbin da ya fi na jirgin kaya ɗaya, kuma mai dogon ya san haka sarai, shi ya sa in ka je masa da maganar sai ka ga ya ɗaure fuska.

Misalin da na fi son bayarwa a nan shi ne na jihar Kolorado a Amurka, don duk matsalolin sun taru a wuri ɗaya. Layin da ya tashi daga birnin Denver ya yi yamma yana hawa tsaunukan Rocky, yana ratsa ƙananan ramuka fiye da 25 da aka huda a cikin dutse kafin ya kai babban ramin da ake kira Moffat, mai tsawon kusan kilomita 10, wanda aka buɗe a 1928, kuma tsakiyarsa tana sama da mita 2,800 daga doron teku. Kafin a huda shi jirage ta can ƙololuwa suke bi, ta mashigin Rollins, sama da mita 3,500, inda dusar ƙanƙara kan rufe hanya kwana da kwanaki. Ramin mallakar jihar ne, amma kamfanin jiragen kaya na Union Pacific ke aiki da shi, a da bisa hayar shekara 99 da aka ƙulla tun farko, shi kuma dogon da ke gaba da bayan ramin na kamfanin ne. Da hayar ta zo ƙarewa sai jihar ta yi abin da nake ganin dabara ce ta gaske, maimakon ta tsaya kan kuɗin haya sai ta nemi gurbi, a 2025 aka sa hannu kan sabuwar yarjejeniya ta shekara 25 wadda ta ba jihar damar tura jiragen fasinja har zuwa uku a rana, zuwa da dawowa. Burinsu shi ne layin ya kai garuruwan Granby da Steamboat Springs da Hayden har Craig, inda rabon da jirgin fasinja na yau da kullum ya je tun 1968. Ka lura da abin da suka fara kamawa, izinin hawa dogo, tun ba a zo maganar fentin tarago ba. Abin da ya sauƙaƙa musu kuma shi ne jigilar kwal a wannan layi ta ragu sosai, gurabe sun samu.

Shi ramin kansa yana da nasa sharaɗin da mutane ba sa tunawa. Jiragen da ke bi ta ciki na dizal ne, in jirgin kaya mai kawuna da yawa ya ratsa kilomita 10 yana hawa, hayaƙin da zai bari ba mai iya shiga bayansa, sai manyan fankoki sun yi mintuna masu yawa suna kore shi tukuna. Wannan jiran shi ma gurbi yake ci. Ga rami babu kowa a ciki, ga sigina ja, ga jirgi cike da mutane yana jiran iska ta gyaru.

Yanzu maganar gudu, don na san za ka ce to a ƙara gudu mana gurbi ya yawaita. Ƙafar jirgi ƙarfe ce a kan ƙarfe, wannan ne ya sa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ƙaramin ƙarfi ke jan kaya mai yawa, amma kuma shi ne ya sa jirgi ba ya son hawa ko kaɗan, santsi yake yi. Hawan da ke ɗagawa mita 2 a kowace mita 100, wanda a mota ba za ka ma ji shi ba, a jirgi ƙarfin da ake buƙata don jan kowane tan yana ninkawa kusan sau goma. Don haka magina na da sai suka ringa nannaɗe dogo a jikin dutse kamar rawani domin hawan ya yi sauƙi, kuma kowace kwana tana da iyakar gudun da za ta ɗauka. Layin Bernina da ke tsakanin Suwizalan da Italiya yana hawa mita 7 a kowace 100 ba tare da dogo mai haƙora ba, har ya kai mita 2,253, a kusa da Brusio ma sai da aka gina gada mai zagaye, jirgi ya kewaya ya bi ta ƙarƙashin inda ya fito don kawai a rage kaifin gangara. Jirgin Glacier Express na Suwizalan daga Zermatt zuwa St. Moritz kusan awa 8 yake yi a tafiyar da ba ta kai kilomita 300 ba. Sauka kuma ta fi hawa haɗari, birki na zafi, shi ya sa ake amfani da injin jirgin kansa wajen riƙe shi, a layin lantarki ma wutar da ya samar yana gangarowa komawa take cikin waya wani jirgin ya yi hawa da ita. In kana son gudu na gaske sai dai ka huda dutsen daga gindi kamar yadda aka yi ramin Gotthard na Suwizalan mai kilomita 57 da aka buɗe a 2016, amma fa a nan kallo ya ƙare, duhu za ka gani har ka fita. Toh sai a zaɓa, kuma a faɗa wa jama'a gaskiya tun farko cewa layin kallo ba zai zama layin gudu ba.

Amma inda na fi son ka tsaya ka yi tunani shi ne su wa za su hau. A nan ne ayyuka da yawa ke karyewa. Mai yawon buɗe ido yana zuwa da rani ko lokacin wasan zamiya a kan ƙanƙara, yana son tafiyar rana, babbar taga, a tafi a hankali, kuma zai biya da tsada ba gardama. Mutumin da ke zaune a garin tsaunin kuwa yana son jirgin asuba da zai kai shi aiki, da na dare da zai dawo da shi, da tikiti mai sauƙi, ranar Talata a watan da babu baƙo ko ɗaya. Waɗannan buƙatu biyu ne daban duk da dogo ɗaya suke hawa. In ka gina komai a kan baƙi za ka samu taragu cike wata uku ko huɗu, sauran shekara kana jan kujeru, ma'aikata kuma albashinsu na tafiya, dogo na son gyara ko an hau ko ba a hau ba. Kuma duk ranar da kasafin kuɗi ya matse babu ɗan gari da zai tashi ya kare jirgin da bai taɓa yi masa amfani ba. Garuruwan shaƙatawa na tsauni kusan duk ciwonsu ɗaya, hayar gida ta yi tsada har masu aikin otal da asibiti da makaranta ba sa iya zama a ciki, sai su koma garuruwan nesa suna tuƙi kullum a kan titi mai ƙanƙara. A can Kolorado masu aiki a Steamboat Springs da yawa a Craig suke kwana, kusan kilomita 70 tsakani. Waɗannan mutanen su ne fasinjan da zai riƙe layi shekara da shekaru, kuma wallahi abin yana damuna in na ga an zana jadawali mai kyau a takarda amma jirgin farko sai ƙarfe goma na safe yake isa gari, wanda ke shiga aiki ƙarfe bakwai an manta da shi kenan.

Suwizalan ta gane wannan tuntuni. A kan dogon da Bernina Express ke bi da manyan tagoginsa, akwai jiragen gari na kullum da ke tsayawa a ƙananan tashoshi, ɗalibi ya hau, mai zuwa asibiti ya hau, baƙo ma in ya ga dama ya hau ya ga tsaunin da mai tikiti mai tsada yake gani. Tun 1982 suka ɗora ƙasar kan jadawali mai maimaita kansa, wato in jirgi na tashi ƙarfe takwas da minti goma to zai tashi tara da minti goma, goma da minti goma, haka har dare, bas kuma na jiransa a bakin tasha. Amfanin wannan a layi mai dogo ɗaya babba ne ƙwarai, domin in jadawali na maimaita kansa to jirage a wuri ɗaya za su ringa haɗuwa kowace awa, kaga ba sai ka ninka dogon gaba ɗaya ba, wuraren haɗuwar nan kawai za ka faɗaɗa. Masu tsara layuka a can suna da ƙa'idar da nake bi har gobe, a fara gyara tsari, in bai isa ba a gyara sigina da na'urori, sai in duk sun gaza sannan a zuba kankare. Mutane da yawa daga kankare suke farawa saboda shi ake gani a hoto.

Sai kuma dutsen kansa, wanda ba ya zama wuri ɗaya kamar yadda ido ke gani. Ruwa na shiga tsaga ya daskare ya buɗa ta, shekara kaɗan sai ƙaton dutse ya gangaro. A watan Agustan 2023 zaftarewar dutse a kwarin Maurienne na Faransa ta rufe layin da ke haɗa Faransa da Italiya, bai sake buɗewa ba sai ƙarshen Maris 2025, wata 19 kenan. A Agustan 2023 ɗin dai ruwan sama ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin layin Kalka zuwa Shimla a Indiya, dogo ya rage yana lilo a iska. Kuma a watan ne jirgin kaya ya kauce a cikin sabon ramin Gotthard, aka fi shekara kafin ya dawo aiki gaba ɗaya, abin da ya cece su shi ne ba su yar da tsohon layin saman dutse na 1882 ba, ta can aka ringa juya jiragen fasinja duk da ƙarin kusan awa ɗaya. Jirgin kaya in hanya ta toshe zai iya kwana yana jira, amma mutum ɗari uku a tsakiyar kwazazzabo cikin sanyi, inda mota ba ta zuwa, wannan wani abu ne daban. Saboda haka ƙara jirgin fasinja yana zuwa da ragar ƙarfe a jikin dutse, da waya mai sanar da sigina in dutse ya faɗo, da rumfunan kare dogo daga zubowar ƙanƙara, da share magudanan ruwa da kwalbati kullum, da shirin yadda za a fitar da mutane daga rami in wuta ta tashi. Wannan na ƙarshen na cikin dalilan da suka sa aka huda sabon ramin Albula na Suwizalan mai kusan kilomita 6 a gefen tsohon na 1903, aka buɗe shi a 2024, tsohon kuma aka ware shi ya zama hanyar tsira. Duk wannan kuɗi ne da fasinja ba ya gani ta taga.

Maganar kuɗi ba zan ja ta ba. Jirgin alfarma na baƙi zalla yana iya riƙe kansa, amma jirgin da zai yi wa 'yan gari aiki duk shekara da wuya tikiti kaɗai ya biya shi, sai da tallafin hukuma, kamar dai yadda titin da ke gefensa ma ba ya biyan kansa kuma ba wanda ya ce a rufe shi. Abin da nake ƙi shi ne a samo kuɗin gini a manta da na tafiyarwa. Dole a san daga ina kuɗin kowace shekara zai fito kafin a yanka kintinkiri, a kuma gama maganar inshora da mai dogon, wa zai biya in an yi haɗari, don wannan magana ita kaɗai tana iya riƙe aiki shekaru.

To ta ina ake farawa? Ni in aka ba ni, zan fara zama da mai dogon a rubuta gurabe nawa, a wane lokaci, da abin da zai biyo baya in an riƙe jirgina ba dalili. Daga nan in zana jadawalin da nake so shekara goma masu zuwa, in ga inda jirage za su haɗu, a nan kawai zan kashe kuɗin tsawaita wurin ratse da gyaran sigina. Zan fara da gajeren yanki inda na tabbata akwai mutane, da jirgi biyu ko uku a rana amma kullum, rani da damina da sanyi, domin mutum ba ya sayar da motarsa ko ya karɓi aiki a wani gari saboda jirgin da ke zuwa Asabar da Lahadi kawai. Taragu kuma in nemi masu wurin keke da kayan wasan ƙanƙara da keken guragu, masu ɗumi, kuma in ajiye aƙalla jirgi ɗaya na ko-ta-kwana, don in guda biyu gare ka ɗaya ya shiga gareji rabin aikinka ya tsaya.

Kada kuma a raina tasha. Da yawa tashoshin tsauni an gina su ne inda dogo ya samu sauƙin wucewa, garin kuwa yana can sama ko can ƙasa da nisan kilomita biyu ko uku. A Winter Park, wurin wasan zamiya a kan ƙanƙara da ke Kolorado, abin ya zo musu da sa'a, dandamalin sauka yana daf da bakin ramin Moffat ta yamma, mutum na sauka yana gindin filin wasan, shi ya sa jirgin da ke kai masu wasan ƙanƙara daga Denver yake da farin jini. Inda ba a yi wannan sa'ar ba, bas ɗin da zai jira jirgin ƙarshe na dare, ko da jirgin ya yi lattin minti ashirin, dole a sa shi cikin kasafin layin tun ranar farko, direbansa kuma ya kasance yana da hanyar jin inda jirgin yake.